Hannun da Ya Tura, Shi Za a Tambaya

 

Ya ƴan'uwana Musulmi na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa da kewaye, nasihata ta yau a kan turi ce, wato musayar fim da waƙa da karatu da hoto da muke yi daga waya zuwa waya, ta Xender ko Bluetooth ko katin memori. Abin ya zame mana jiki har ba ma ɗaukarsa aiki, balle mu tuna cewa mala'iku na rubuta shi. Ana kuwa rubutawa. Magana ɗaya nake roƙon Allah Ya zaunar a zukatanmu: duk abin da ya ratsa ta wayarka ya shiga ta wani, kai ka ba shi hanya, kuma za a tambaye ka a kansa. Wataƙila alƙali ya tambaye ka tun a nan duniya. Tambayar gobe ƙiyama kuwa babu makawa.

Ku lura da bambancin turi da rediyo. Gidan rediyo yana da mazauni, yana da shugaba, yana da lasisi. Idan ya watsa ƙarya an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Turi ba shi da gida, ba shi da shugaba. Wayar wannan ta buɗe ƴar hanyar Wi-Fi, wayar wancan ta shiga, cikin ƴan mintoci fim na awa biyu ya koma can, ba a ci mega ba, kamfanin waya ma bai san an yi ba. Wanda ya karɓa da hantsi shi ne mai bayarwa da azahar. Abin da aka loda wa yaro a wata rumfa kusa da Babbar Kasuwar Maraɗi, kafin magariba ɗan kabu-kabu ya kai shi Tibiri, kashegari yana cikin wayar mai ban-ruwa a Jiratawa. Tunda babu shugaban da zai tace, aikin tacewa ya faɗo a wuyan kowane ɗayanmu.

Masu kwamfuta kuma, ɗalibai da ma'aikata da masu gidajen intanet, suna da nasu salon da ake kira torrent, wanda wani Ba'amurke mai suna Bram Cohen ya ƙirƙiro a 2001. Ana yanyanka fim ko littafi gutsure-gutsure, kana ɗebowa daga wajen mutane da yawa, a lokaci guda kuma abin da ya riga ya shigo kwamfutarka yana fita zuwa ga wasu. Ko da niyyarka karɓa ce kawai, tsarin ya mayar da kai mai rabawa, kuma lambar layinka ta intanet a bayyane take ga duk wanda ke cikin rabon.

Kada wani ya ɗauka ina haramta na'urar. Wallahi ni'ima ce babba. Ta wannan hanya tafsirin azumi ya shiga gidajen da mata ba sa samun fita. Ta nan magidancin da bai samu zama gaban malam ba yake sauraron karatun Ahalari da Ishmawi da Risala yana bakin sana'arsa. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna tura wa juna darussa ba tare da sun kashe kuɗin abincinsu a kan mega ba. Manomi ya ga yadda ake haɗa maganin ƙwari da ganyen bedi, ya tura wa maƙwabcin gonarsa. Duk wanda ya yaɗa irin wannan da yardar mai shi, yana da lada gwargwadon waɗanda suka amfana. Amma hanyar da ke kai lada ita ce ke kai zunubi, da sauri iri ɗaya. Akwai haƙƙoƙi uku da muke takawa a cikin turi ba tare da mun waiwaya ba.

Na farko shi ne haƙƙin mai abu. Mu mutanen Maraɗi jikokin fatake ne, ba sai an koya mana ma'anar uwar kuɗi ba. Mai shirya fim ya ci bashi, ya biya ƴan wasa, ya yi hayar na'ura, ya sayi man janareta, ya ciyar da ma'aikata. Marubuci ya kwashe watanni yana hana idonsa barci. Mai buga littafin addini ya sayi takarda, ya biya mai duba kurakurai, ya biya kuɗin mota da na duwan. Manyanmu sun san zamanin da kaset da faifai ke fitowa daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, su biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa su iso nan. Wannan ciniki na faifai ya durƙushe, kuma turi na cikin manyan abubuwan da suka durƙusar da shi. Masu fim da yawa sun koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, inda kallon da aka yi a wajensu ne ke kawo musu abin sawa a baki. Wanda ya sauke daga can ya sayar wa mutum ɗari, ya ci kuɗin mutum ɗari, mai gumin bai ga ko dala ba.

Wani zai ce, ai ban ɗauke masa komai ba, nasa na hannunsa. Ɗan'uwa, abin da ka ɗauke shi ne cinikinsa, kuma ciniki shi ne abincin ƴaƴansa. Suratun Nisa'i ta hana muminai cin dukiyar junansu ta hanyar ɓarna, ta sa yardar juna ta zama sharaɗin kasuwanci. To ina yardar a nan? Malaman zamani ba su bar maganar a buɗe ba. A watan Disamba na 1988, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare, bai halatta a ƙetare su ba. Dokar ƙasarmu ma a nan ta tsaya. Nijar tana da dokar haƙƙin mawallafi ta watan Disamba na 2010, tana da ofishin BNDA mai kula da wannan haƙƙi.

A wasu ƙasashe abin ya kai ga kotu tun da daɗewa. Napster, wanda ya fara yayata musayar waƙa ta intanet a 1999, shari'a ta tsayar da shi a Amurka a 2001. A 2009 kotu a Suwidin ta yanke wa mutum huɗu masu alaƙa da shafin Pirate Bay ɗaurin shekara guda-guda. A 2009 ɗin kuma Faransa ta yi dokar da ta kafa hukumar Hadopi, wadda ta riƙa bin lambar layin masu torrent tana aika musu gargaɗi. A Jamus, takardar lauya ce ke iske mutum har gida da neman diyya. Iyayen da ke da ƴaƴa masu karatu ko ci-rani a Turai, ku faɗa musu wannan tun kafin su jawo wa mai masaukinsu fitina, domin sunan mai layin ne ke fara fitowa.

Wani kuma zai ce, ai ilimi ba a ɓoye shi. Gaskiya ne, ɓoye ilimi zunubi ne. Amma wanda ya buga littafi ya kawo shi kasuwa bai ɓoye ba, kuɗin takarda da wahala yake nema don ya samu buga wani. In ka ɗauki hoton littafin shafi-shafi ka watsa, ya karye, littafin gaba ba zai fito ba, kai ne ka rufe ƙofar ilimin. Wani ya ce, ai fim ɗin ma ba na kirki ba ne, mai shi bai cancanci a biya shi ba. To in ba na kirki ba ne, me ya kai ka yaɗa shi? In halal ne ka biya, in haram ne ka bari, babu hanya ta uku. Ku dubi abin da ya faru a 2011: wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya fitar da faifan waƙoƙin da ya tattaro daga katunan wayoyi a arewacin Mali, ya bi sawun mawaƙan, cikinsu har da Mdou Moctar ɗan Nijar, don ya ba su kasonsu. Ba hukuncin kiɗa nake bayarwa a nan ba. Ina cewa ne, idan baƙo daga wata nahiya zai nemi mai haƙƙi har ya same shi, mu da muka yi imani da hisabi mu muka fi cancanta da haka.

Haƙƙi na biyu ya fi na farko nauyi, domin dukiya ana biya, mutunci kuwa in ya zube ba ya kwasuwa. Ina nufin haƙƙin wanda ke cikin hoton, ko wanda muryarsa ke cikin saƙon. Yarinya ta yi kuskure ta aika wa saurayi hoto, suka ɓata, ya saki. An ɗauki matan aure suna rawa a cikin gida ranar biki, inda babu namiji, hoton ya ƙare a majalisar samari. An yi haɗarin mota a hanyar Ɗan Isa, kafin a rufe gawa an ɗauke ta, uwa ta ga ɗanta a wayar maƙwabciya tun ba a zo mata da ta'aziyya ba. Ƴan bindiga sun yi ɓarna a yankin Madarunfa ko Gidan Rumji, muka riƙa yaɗa hotunan waɗanda aka kashe, muna taya azzalumai aikin tsoratar da jama'a a kyauta. An yanko rabin maganar malami, aka jefar da farkonta da ƙarshenta, aka watsa don a haɗa almajiransa faɗa da na wani.

A 2007, a Kano, bidiyon sirri na wata ƴar fim ya fita, ya bi wayoyi ta Bluetooth. Ba zan kama suna ba, domin kama sunan ma ci gaba ne da yaɗawa. Abin ya girgiza gari har hukuma ta dakatar da shirya fim na wasu watanni. Wancan lokaci babu WhatsApp, wayoyin ma ƙanana ne, amma hannu da hannu aka tozarta baiwar Allah a ƙasashe. Kowane ɗaya daga cikin masu turawa yana ganin shi mutum guda kawai ya tura wa.

Wannan ciwo ya girmi waya. Ku tuna ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, bayan yaƙin Banil Musɗalaƙ. Shugaban munafukai, Abdullahi ɗan Ubayyu, shi ya rura wutar. Amma ba shi kaɗai ya kai ta gida-gida ba. Wasu muminai na kirki sun ji sun maimaita, cikinsu har da wanda ya halarci Badar, wanda Sayyidina Abubakar ke ciyarwa. Kimanin wata guda gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cikin baƙin ciki, har Suratun Nur ta sauka ta wanke ta. Surar ba ta tsaya ga mai ƙirƙira ba, ta tsawata wa waɗanda suka karɓi zancen suka miƙa gaba suna ɗaukarsa ƙaramin abu, ta kuma yi alkawarin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Ku dubi Nana Zainab ƴar Jahshi, kishiya ce, ga dama ta samu, amma da aka tambaye ta sai ta kame jinta da ganinta, ba ta faɗi komai ba sai alheri. A wajenta zancen ya tsaya. Haka ake so wayar mumini ta zama.

Mutanen Jiratawa sun fi kowa sanin yadda ruwan rijiyar burtsatse ke bin kwata daga fili zuwa fili, kowane manomi yana da ƴar ƙofar da yake buɗewa ko ya toshe. In aka ce maka ruwan nan da guba a ciki, ka buɗe ya wuce gonar maƙwabcinka, zogalensa ya ƙone, ba za ka tsira da cewa ba kai ka zuba gubar ba. Ƙofar tana hannunka.

Saboda haka kafin ka tura, yi wa kanka tambayoyi uku. Daga ina ya fito? Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun san wanda ya faɗa da wanda ya faɗa masa, kuma Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu yi aiki da labari. Wanda ke ciki ya yarda a gan shi haka? Da ƙanwata ce ko mahaifina, zan so a tura? In amsa ɗaya ta gaza, goge shi. Ku sani kuma hukuma ba ta yin wasa da wannan. Nijar ta yi dokar laifuffukan intanet a watan Yuli na 2019. Gyaran da aka yi mata a watan Yuni na 2024 ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ga ɓata suna ko zagi ta na'ura, da shekara 2 zuwa 5 ga yaɗa abin da zai tada hankalin jama'a ko ya keta mutuncin ɗan Adam, ban da tara. Cewa "turo mini aka yi" ba ta fitar da kowa. Hoton tsiraicin ƙaramin yaro kuwa, ko ajiye shi babban laifi ne. Wanda ya ci karo da shi kada ya nuna wa kowa, ya kai rahoto ga hukuma.

Haƙƙi na uku shi ne na kanka da iyalinka, domin sirrin gidanka da dukiyarka amana ce a hannunka. Je ka tsaya a rumfar turi ka gani. Ga wayoyi jere ana caji, ga tsohuwar kwamfuta, ga lasifika na tashi. Yaro ya zo ya zare kati daga wayar mahaifiyarsa, ya miƙa da dala ashirin, ya ce a cika masa. Katin na shiga kwamfuta, duk abin da ke cikinsa ya baje a allo: hotunan suna, hoton katin ɗan ƙasa, muryoyin da miji ya aiko daga Libiya ko Abijan. Mai rumfa mai tsoron Allah zai kawar da kai. Amma katin ya shiga kwamfutar da katuna ɗari suka shiga, zai iya ɗauko ƙwayar cutar da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu kawai. Kuma abin da ka goge daga kati, sau da yawa ana iya dawo da shi da manhaja.

Ga matakan da nake roƙon kowa ya ɗauka, domin rigakafi ya fi magani. Ka ware kati guda na turi kaɗai, wanda babu komai na gida a cikinsa. Kada ka miƙa wayarka a buɗe ka tafi, ko ga mai turi ko ga mai gyara. In ka gama turi ka rufe Bluetooth da Wi-Fi, kada ka karɓi abu daga wayar da ba ka san mai ita ba. Mafi haɗari shi ne karɓar manhaja ta turi, musamman irin su WhatsApp na jabu da ake yi wa kwaskwarima. A 2021 masu binciken kamfanin Kaspersky sun gano ƙwayar cuta mai suna Triada cikin wani irinsa da ake kira FMWhatsApp, wadda ke iya karanta saƙonnin waya ta kuma yi wa mutum rajistar abin biya ba da saninsa ba. Yau da kuɗinmu ke cikin waya, wanda ya iya karanta saƙonka ya kama hanyar aljihunka. Ka ɗauki manhaja daga Play Store, ka duba izinin da take nema. Fitila ko wasan yara ba su da hurumin neman saƙonninka da lambobin mutanenka. Mai torrent kuma ya duba ƙarshen sunan fayil: fim ba ya ƙarewa da exe ko apk. Ya tsaya ga abin da masu shi suka saki don a raba, irin tsarin kwamfuta na Linux, da Wikipedia da ake saukewa ta Kiwix a karanta ba intanet, da tsofaffin littattafan da haƙƙinsu ya ƙare.

Ya ku ƙannena masu rumfar turi, ban zo in raba ku da abincinku ba. Neman na kai ya fi zaman kashe wando, kuma Allah Yana son mai sana'a. Ku tsarkake ta. Ku nemi masu fim da masu littafi ko wakilansu ku yi yarjejeniya, ko a ƙungiyance. Ku cika kwamfutocinku da abin da aka yi izinin rabawa, yana da yawa. Ku goge batsa ko da ita ce ta fi kawo ciniki, kada ku loda wa yaro abin da ba za ku loda wa ɗanku ba. Katin da aka miƙo muku amana ne, kada ku buɗe, kada ku kwafa. Dala ɗaya ta halal ta fi jaka ta haram albarka.

Ya ku iyaye, ku san abin da ke cikin wayar ƴaƴanku, cikin hikima da jawo su a jiki, domin wanda aka tsorata ɓoyewa yake ƙara koyo. Ya ku malamai da marubuta da masu fim, ku ma da naku. Ku sauƙaƙa farashi, ku tuna talaka. Abin da kuka bayar sadaka, ku faɗa da bakinku a farkon karatun cewa kun yarda a yaɗa, don mai turawa ya tura da natsuwa, ku kuma ladanku ya gudana.

Wanda ya riga ya afka, ƙofar tuba a buɗe take. Amma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Hadisi ya tabbata a kan matsiyacin gaskiya, wanda zai zo ƙiyama da salla da azumi da zakka, a yi ta ɗebe ladansa ana biyan waɗanda ya zalunta har ya ƙare. Don haka tun yau ka buɗe wayarka ka goge abin da ka san bai dace ba. Ka kira waɗanda ka tura wa ka roƙe su su goge. Mai haƙƙin da za ka iya samu, ka biya shi ko ka nemi yafewarsa. Wanda ka tozarta, in neman gafararsa ba zai ƙara tona rauni ba ka nema, in kuwa zai ƙara, ka yawaita yi masa addu'a, ka kare mutuncinsa a duk majalisar da aka taɓa shi.

Ya Allah Ka tsarkake dukiyarmu daga haƙƙin bayinKa. Ka rufa mana asiri duniya da lahira, Ka sa mu zama masu rufa wa ƴan'uwanmu. Ka shirya mana samarinmu da ƴanmatanmu, Ka sa albarka a sana'ar masu neman halal. Ka zaunar da Maraɗi da Gobir da Nijar baki ɗaya lafiya, da maƙwabtanmu da sauran ƙasashen Musulmi. Ka gafarta mana, da iyayenmu da malamanmu. Amin.